Fashin Baƙi: Me Kirista Yake Nufi Idan Ya Ce "Mu Jama'ar Allah Ne"?

A zaman makoki, da tashar mota, da cikin saƙonnin da ake turawa ta WhatsApp a Marwa da Garwa da Mokolo, a arewacin Kamaru, akwai tambayar da ba ta rasa tasowa idan hira ta gangaro kan addini: in Kiristoci suna kiran kansu jama'ar Allah, to sauran mutane jama'ar wa ne? Musulmin da ya ji kalmar yakan ji ta kamar gori, kuma yana da hujjarsa, domin a bakin Bahaushe duk ɗan Adam bawan Allah ne, ko an san sunansa ko ba a sani ba. Cikin Kiristocin ma fahimtar ba ɗaya ba ce. Wani ya ɗauki kalmar kamar tsagar gado a fuska, abin da ya tashi ya tarar saboda shi ɗan ƙabilar Tupuri ne ko Mafa ko Mundang. Wani kuma, musamman cikin matasan birni, yana ganin tun da bangaskiya a zuciya take, zai iya zama ɗan wannan jama'a daga cikin ɗakinsa da waya a hannu, ko da bai san sunan mutum ɗaya a majami'ar unguwarsu ba. Ni mai bi ne da ya daɗe yana sujada da Hausa a wannan yanki, kuma a ganina dukan ukun sun kauce wa abin da kalmar take ɗauke da shi tun asalinta.

Inda kalmar ta samo tushe

Maganar ta fara ne a Tsohon Alkawari. A Littafin Fitowa, sura 19, bayan Isra'ilawa sun fito daga bauta a Masar, an gaya musu a gindin Dutsen Sina'i cewa in sun kiyaye alkawari za su zama mallakar Allah ta musamman, mulkin firistoci, al'umma tsattsarka. A ayar nan ɗin kuma Allah ya ce dukan duniya tasa ce. Wannan ya isa ya nuna cewa zaɓen wata jama'a bai fitar da kowa daga hannun Mahaliccinsa ba. Maimaitawar Shari'a, sura 7, ta ƙara tsinke igiyar fahariya, inda ta ce ba don yawansu aka zaɓe su ba, gama su ne mafi ƙanƙanta cikin al'ummai. Tun kiran Ibrahim a Farawa, sura 12, an faɗi dalilin zaɓen: domin dukan kabilan duniya su sami albarka ta wurinsa. Annabi Amos kuwa, a sura 3, ya juya maganar ta fuskar da ba mai son ji, ya ce tun da ku kaɗai na sani cikin kabilan duniya, saboda haka zan hukunta ku a kan laifofinku. Aikin firist shi ne tsayawa gaban Allah a madadin wasu, don haka jama'ar da aka kira mulkin firistoci an ɗora mata kaya ne saboda maƙwabtanta.

Manzo Bitrus ya ɗauki waɗannan kalmomi na Fitowa ya ɗora su a kan masu bin Almasihu, a wasiƙarsa ta fari, sura 2, aya 9 da 10. Yana da amfani a san su wane ne ya rubuta wa. 'Yan tsirarun mutane ne da ke warwatse a lardunan Fantas da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya, cikin ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, kuma shi da kansa ya kira su baƙi. Ya tuna musu cewa dā su ba jama'a ba ne, yanzu ne suka zama jama'ar Allah, dā ba a yi musu jinƙai ba, yanzu an yi musu. Wanda aka gaya wa haka ba shi da bakin gori, domin abin da ya samu kyauta ce, ba gado ba, ba kuma ladar aiki ba.

Ikilisiya da ginin da take taruwa a ciki

Kalmar ikilisiya daga Helenanci ta zo, inda take nufin taron mutanen da aka kira su fito su hallara, kuma daga tushen nan ne Faransanci ya sami kalmar "église" da 'yan makarantarmu suka saba ji. Hausar masu bi ta rarrabe abu biyu da bakin mutane ya fara cakuɗawa: majami'a ko coci shi ne ginin, ikilisiya kuwa mutanen ne. A ƙauyukan kan iyaka da aka ƙone majami'unsu, ikilisiyar ta ci gaba da taruwa a gindin bishiya, ta yi baftisma, ta ci Jibin Ubangiji, wato abincin tunawa da mutuwar Almasihu, ta binne matattunta.

Wajen Katolika, babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya dawo da wannan fahimta gaba. A takardarsa ta 1964 kan ikilisiya, an sa babin jama'ar Allah kafin babin bishop-bishop da limamai, don a nuna cewa baftisma ce ta fara haɗa kowa kafin muƙami ya bambanta su. Bayan taron bishop-bishop na Afirka na 1994, Fafaroma John Paul na biyu ya sa hannu kan sakamakon taron a Yawunde ranar 14 ga Satumba, 1995, inda aka jaddada siffanta ikilisiya da iyalin Allah. Furotesta sun daɗe da nasu lafazin tun zamanin Martin Luther, wato firistancin dukan masu bi.

Yadda addini ya ɗauki kamannin ƙabila

A nan ne tushen yawancin ruɗanin yake, kuma ba za a gane shi ba sai an waiwayi tarihi. A ƙarni na 19, bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, masarautun Fulani suka kafu a Garwa da Marwa da Ngaundere da sauran garuruwa, fataken Hausawa da na Barebari suka kafa unguwanninsu a cikinsu. Ƙabilu da dama na duwatsun Mandara da na bakin kogin Logon suka tsaya kan addinin kakanninsu, wasu sun sha fama da hare-haren kamun bayi har farkon ƙarni na 20. Da Jamusawa suka zo, sannan Faransawa, sun yi mulki ta hannun lamiɓe, wato sarakunan Fulani, ba su kuma so masu mishan su taɓa garuruwan Musulmi. Sai masu mishan suka nufi inda ƙofa take buɗe.

Masu mishan na ɗariƙar 'Yan'uwa Lutheran daga Amurka sun isa Lere ta ƙasar Cadi a wajajen 1920, suka kafa aiki a can da kuma Yagwa, cikin Mundang da Masa da Tupuri. A 1923 Adolphus Gunderson ya iso yankin Adamawa ya zauna cikin Gbaya, a 1925 kuma mishan na ƙasar Norwe ya sauka Ngaundere, ya yi aiki cikin Mbum da Dii. Daga aikin Gunderson da na mishan na Norwe ne ikilisiyar Lutheran ta Kamaru, wato EELC, ta fito, mai hedkwata a Ngaundere. Katolika sun makara: sai a 1946 limaman ƙungiyar Oblat suka zo ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na Garwa a 1955. Kowane mishan ya ɗauki yankinsa, ya koyi harshen wurin, ya fassara waƙoƙi da Littafi a cikinsa, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. Aiki ne mai kyau, kuma harsuna da yawa ta wannan hanya suka fara shiga rubutu. Amma ya bar gado mai nauyi, domin bayan shekaru hamsin sai ya zama in ka ji ƙabilar mutum kana iya cankar addininsa, har ma da ɗariƙarsa.

Siyasa ta zo ta ƙara wa miyar gishiri. A zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, daga 1960 zuwa 1982, Kiristocin arewa da yawa sun ji cewa sai mutum ya musulunta ko ya ɗauki suna irin na Musulmi kafin ya sami sarauta ko wani muƙami, kuma samun izinin gina majami'a a wasu garuruwa ya yi wuya. Da aka buɗe fagen jam'iyyu a farkon shekarun 1990, wasu 'yan boko suka ɗauki kalmar "kirdi", wadda dā zagi ce ga wanda ba Musulmi ba, suka mai da ita tutar haɗin kai. Ana iya fahimtar ciwon da ya haifi wannan. Duk da haka, daga ranar da "Kirista" ta fara nufin ɓangaren da ba na Fulani da Hausawa ba a rabon kujeru, kalmar ta tashi daga ma'anar Bitrus ta koma sunan rukunin siyasa. Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin na sha jin mai bi yana cewa "mutanenmu" a cikin majami'a, kuma in ka saurara da kyau sai ka tarar 'yan ƙauyensu yake nufi.

Sujada da Hausa, da darasin Minawawo

Mutane da yawa a Kamaru da Cadi suna mamaki in suka ji ana wa'azin Almasihu da Hausa, saboda a tunaninsu Bahaushe da Musulmi kalma ɗaya ce. A Najeriya abin ba baƙo ba ne. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, aikin da likita Walter Miller na Zariya ya ba da babbar gudummawa a ciki, akwai kuma Hausawa Kiristoci a Wusasa da cikin Maguzawan Kano da Katsina. Ban da su, ƙananan ƙabilu da yawa sun mai da Hausa harshen sujadarsu, har akwai ikilisiyoyin da sunansu ma da Hausa yake, kamar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN. A wannan gefen iyaka Fulatanci ne ya fi riƙe wannan matsayi, Hausa kuwa ta fi ƙarfi a garuruwan kan iyaka da cikin baƙi 'yan kasuwa.

Rikicin Boko Haram ya sauya wannan taswira. An buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo a watan Yulin 2013, kuma bayan faɗuwar Gwoza a watan Agustan 2014 mutane suka kwararo, har yawansu ya haura 70,000 a shekarun baya. A cikinsu akwai Musulmi da Kiristoci, akwai Glavda da Mafa da Barebari da wasu ƙabilu da dama, kuma harshen da ya haɗa yawancinsu shi ne Hausa. Kiristocin da suka zo daga EYN da COCIN, wata ikilisiyar Furotesta ta Najeriya, da Katolika da sauran ɗariƙu sun bar majami'unsu da gonakinsu da kaburburan iyayensu a baya. Abin da suka tsallako da shi shi ne waƙoƙin da suka haddace, da zumuntar mata, da al'adar zuwa gaisuwar mara lafiya da ta'aziyya. Wanda ya zauna cikin irin wannan sujada, inda kusan ba wanda Hausa ce harshen mahaifiyarsa amma kowa da ita yake addu'a, zai gane dalilin da ya sa Bitrus ya haɗa "baƙi" da "jama'ar Allah" a wasiƙa ɗaya. Zai kuma gane maganar Bulus a Galatiyawa 3:28, cewa a cikin Almasihu ba Bayahude ko Bahelene, ba bawa ko ɗa, ba namiji ko mace.

Mai bi shi kaɗai, da inda maganar ke taɓa aljihu

Matashin da ya ce wayarsa ta ishe shi ba koyaushe ragwanci ke damunsa ba. Wani ya gaji ne da yawan kiran baiko, wato tara kuɗi a majami'a, wani ya ga an ba mai kuɗi kujerar gaba an bar talaka a tsaye, abin da Yakubu ya tsawata a kai a sura 2 ta wasiƙarsa, wani kuma an sa shi ƙarƙashin horo a gaban jama'a a kan laifin da aka rufe wa ɗan dattijo. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe gaskiya ne, kuma ikilisiyar da ta toshe kunne gare su ita ce ke korar 'ya'yanta.

Sai dai akwai abubuwan da waya ba ta iya yi. Mai wa'azin da ke Duwala ko Legas ba zai zo ya zauna da kai a asibiti ba, ba zai haƙa kabarin mahaifinka ba, ba kuma zai kira ka gefe ya gaya maka gaskiyar da ba ka son ji game da yadda kake riƙon matarka ba. Yawancin umarnan Sabon Alkawari da "juna" suke ƙarewa: ku ƙaunaci juna, ku yafe wa juna, ku ɗauki nauyin juna. Ba mai iya cika ko ɗaya daga cikinsu shi kaɗai. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma maƙwabcinmu Musulmi, wanda ya san fifikon sallar jam'i a kan ta mutum ɗaya, ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa tun farko a wajen abinci da kuɗi ne ake gwada wannan zumunta. A sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake matansu da mazansu suka mutu a rabon abinci na kullum. Rikicin harshe ne da na 'yan gida da baƙi, irin wanda duk majami'ar da ke da sujadar Faransanci da ta Fulatanci da ta Hausa ta san ɗanɗanonsa. Manzannin ba su ce matan su yi haƙuri su yi addu'a ba. Sun sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai ta danƙa musu rabon, kuma dukan bakwai ɗin, daga Istifanas da Filibus har Nikolas mutumin Antakiya, sunayen Helenanci gare su. Alama ce cewa an miƙa ludayin ga ɓangaren da ya yi kuka. Ga talaka, a nan ne ma'anar kalmar take bayyana: ko gwauruwar da ta gudo daga kan iyaka tana cikin lissafi ranar rabon hatsi, ko ana karanta wa jama'a abin da ya shiga asusu da abin da ya fita, ko mai jin Hausa kaɗai yana iya zama dattijon ikilisiya a garin da ba na kakanninsa ba, ko adashin mata yana karɓar wadda jarinta bai wuce tiren gyaɗa ba.

Keɓewa ko cuɗanya

Cikin masu bi akwai ra'ayi biyu da suka daɗe suna ja-in-ja. Na farko yana jaddada tsarki: jama'ar Allah keɓaɓɓiya ce, dole a gan ta dabam wajen shan bilbil, wato burkutu, da auren mace fiye da ɗaya, da tsafin kakanni. Masu wannan ra'ayi suna da tarihin da ke goyon bayansu. A Cadi, daga 1973 har zuwa kifar da shi a watan Afrilun 1975, Shugaba Tombalbaye ya tilasta wa ma'aikata da manyan mutanen kudu shiga tsafin yondo na ƙabilar Sara, kuma Kiristocin da suka ƙi sun sha azaba, an rufe majami'u, an kashe wasu. Waɗannan mutane sun nuna cewa akwai ranar da ƙabila da bangaskiya ke rabuwa, dole mutum ya zaɓi ɗaya.

Ra'ayi na biyu yana tsoron kada keɓewa ta zama katanga. Suna kafa hujja da Irmiya, sura 29, inda aka ce wa waɗanda aka kai bauta Babila su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi lafiyar birnin su yi masa addu'a, gama lafiyarsa ita ce tasu. Misalin da suka fi kawowa shi ne Fada Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, ɗan kudancin Kamaru da ya bar babbar ikilisiyarsa ta New-Bell a Duwala a 1959 ya hau arewa, ya zauna Tokombere, yana yawo ba takalmi cikin mutanen dutse, yana zama da masu addinin gargajiya da Musulmi cikin girmamawa. Ya rasu a 1975, kuma a 2023 Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa, matakin da ke kan hanyar ayyana mutum waliyyi.

A nawa hukuncin, kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ke bukata, amma a halin da yankinmu yake ciki haɗarin katanga ya fi kusa. Harin da aka kai Ngecewe a Nuwamban 2013, inda aka sace wani limamin Katolika Bafaranshe, da na Cere a Afrilun 2014, inda aka sace limamai biyu 'yan Italiya da wata sistar cocin Katolika 'yar Kanada, sun sa tsoro ya shiga zukata. Amma masu kai harin nan sun kashe limaman masallatai, sun tayar da bam a kasuwannin da yawancin masu cinsu Musulmi ne. Shi ya sa aikin ƙungiyar ACADIR mai haɗa shugabannin addinai a Marwa, da addu'ar zaman tare da aka saba yi a Njamena ranar 28 ga Nuwamba, suke cikin aikin jama'ar Allah kai tsaye. Dokar ƙasa a Kamaru da Cadi ba ta ɗauki wani addini a matsayin na gwamnati ba, amma doka ba ta iya sa mutum ya kai wa maƙwabcinsa abincin Kirsimeti ko ya karɓi naman layya da hannu biyu.

Tambayar da ke bakin ƙofa yanzu

A ƙarshen Nuwamban 2018 gwamnatin Kamaru ta kafa hukumar karɓar makamai da mayar da tsofaffin mayaƙa cikin jama'a, kuma an tara ɗaruruwan waɗanda suka fito daga daji a Mora da Meri, tare da mata da yara, waɗanda da yawansu sace su aka yi. Sannu a hankali waɗannan mutane suna komawa kasuwanni da ƙauyuka, cikinsu har da 'yan matan da aka ɗauke daga gidajen Kiristoci suka dawo da goyo. Wasu ikilisiyoyi suna ganin karɓarsu cin amanar waɗanda aka kashe ne, wasu suna tuna cewa Bulus kansa mai tsananta wa ikilisiya ne kafin Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi wurin manzanni, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 9 ta faɗa. Gafara ba ta soke shari'a, kuma ba daidai ba ne a matsa wa matar da aka kashe mijinta a gabanta ta yi murmushi kafin ciwonta ya lafa. Amma yaron da aka haifa a daji bai zaɓi ubansa ba, kuma ranar da mahaifiyarsa ta kawo shi ajin Lahadi, dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata ne za su yanke ko za a rubuta sunansa a littafi tare da na sauran yara, da kuma wanda zai zauna kusa da uwar a benci.